Tarihin Ma'anar Kalmar "Cibiya" a Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saurari labarun Hausa a rediyo, ko ya buɗe jarida, da wuya ya kai ƙarshe bai ci karo da kalmar "cibiya" ba. Zai ji cibiyar lafiya da cibiyar bincike da cibiyar kasuwanci da cibiyar tattara sakamakon zaɓe. Amma tsohuwar da ke zaune a ɗakin mai jego, idan ta ce "cibiya ta faɗi", ba ko ɗaya daga cikin waɗannan take nufi ba. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin hanyar da kalmar ta biyo daga ɗakin jego zuwa allon sunan ma'aikatu.

Bayanin da aka saba bayarwa shi ne, cibiya tana tsakiyar jiki, don haka aka ari sunanta aka ba duk abin da ke tsakiya. Maƙalar za ta nuna cewa wannan bayani bai gamsar ba. Abin da Bahaushe ya ɗauko daga jikin jariri ya kai wa gari da ma'aikata shi ne aikin cibiya, wato igiyar da ke haɗa abu da mafarinsa, take kuma ciyar da shi. Za a kafa hujja da ƙirar kalmar da al'adar haihuwa da karatun zaure da kuma tarihin hukumomin da suka yi wa Hausa hidima. Daga ƙarshe za a dubi abin da wannan tarihi yake koya wa masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi.

2.0 Ƙirar Kalmar

Hausa tana da kalmomi biyu daga saiwa ɗaya, wato "cibi" da "cibiya". "Cibiya" tana jinsin tamata, jam'inta "cibiyoyi", karin sautinta kuwa sama-ƙasa-sama ne, daidai da na "zuciya" da "tunkiya" da "rijiya". "Cibi" kuwa namiji ne, kuma a bakin yawancin Hausawa yana nufin cibiyar da ta turo waje ta yi girma.

Newman (1979) ya kawo ra'ayin cewa a tsohuwar Hausa sunayen tamata suna iya ƙarewa da kowane wasali. Daga baya ne aka riƙa liƙa musu ɗafa-ƙeya domin jinsinsu ya fito fili, shi ya sa da yawansu suka ƙare da -iya ko -uwa. Tsohuwar sigar takan ɓuya a wani lungu na harshen. "Zuciya" ta bar "zuci" a cikin "ya faɗa a zuci", "tunkiya" kuma ta bar saiwarta a cikin jam'in "tumaki". Idan aka bi wannan ra'ayi, "cibi" ita ce tsohuwar siga. Da "cibiya" ta karɓe ma'anar yau da kullum, sai "cibi" ya tsira da ƙuntatacciyar ma'ana, ya kuma koma jinsin namiji kamar sauran sunayen da ke ƙarewa da wasalin -i.

Karin magana, wadda ita ce rumbun tsofaffin sigogi, ta adana "cibi" a wurare biyu sanannu:

(1) Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
(2) Cibi ya zama ƙari.

A misali na (2) babu shakka cibi mai turowa ake nufi, wanda aka saba gani ba a damu ba, sai ga shi ya rikiɗe ya zama ciwo. Misali na (1) yana karɓar fassara biyu. Yana iya nufin cibiyar kowa da kowa, wadda dole ta bayyana idan an tuɓe. Yana kuma iya nufin cibi mai girma, domin shi ne mai shi yake jin kunyar a gani. Abin lura shi ne, a duka biyun babu inda kalmar ta ɗauki ma'anar tsakiya. Haka kuma manyan ƙamusoshin zamanin mulkin mallaka, na Bargery (1934) da na Abraham (1949), ma'anar jiki suka sa a gaba.

3.0 Cibiya a Ɗakin Haihuwa

A jikin mutum, kalmar tana ɗauke da ma'anoni uku waɗanda wasu harsuna suka rarrabe. Ta farko ita ce igiyar da ke haɗa ɗan tayi da mabiyiya, wadda wasu ke kira uwar tafiya. Ta biyu ita ce guntun da ke saura a cikin jariri bayan an yanke, wanda yake bushewa ya faɗi cikin mako ɗaya ko biyu. Ta uku ita ce tabon da ya rage har ƙarshen rayuwa. Larabci yana kiran tabon "surra", abin da ungozoma ta yanke kuma "surr". Turanci ma kalmomi daban-daban yake amfani da su. Bahaushe kuwa da kalma ɗaya ya kira su duka, aikatau ne yake bambanta su:

(3) Ungozoma ta yanke cibiya.
(4) Ana gasa wa jaririn cibiya.
(5) Cibiya ta faɗi.
(6) Ruwa ya kai masa cibiya.

Uku daga cikin waɗannan misalai huɗu sun shafi igiyar ne ko guntunta, na (6) kaɗai ya shafi gurbin da take a jiki. Furucin "igiyar cibiya" da ake gani a littattafan kiwon lafiya an samar da shi ne domin a raba abin da harshen gida bai raba ba.

A al'adar gargajiya, mace takan haihu a ɗakinta ko a gidan iyayenta idan haihuwar fari ce. Aikin ungozoma yakan fara ne bayan jariri ya faɗo. Ita ke yanke cibiya da aska ko reza, ta wanke jariri, ta kimtsa mabiyiya a binne ta a cikin gida, galibi a bayan ɗaki. Sannan a bi guntun da gashi safe da yamma, da tsumma mai ɗumi ko kaskon da aka ɗora a wuta, har ya faɗi. Wannan al'ada tana nan da ranta. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Nijeriya aka yi a asibiti. Su ma waɗanda aka haifa a asibitin, akan miƙa wa danginsu mabiyiya su tafi da ita gida su binne.

4.0 Cibiya da Ƙasar Haihuwa

Daga wannan binnewa ne kalmar ta yi tsallenta na farko, ta bar jiki ta shiga ƙasa. Idan Bahaushe yana son ya tabbatar da cewa shi ɗan wani gari ne, yakan ce:

(7) A nan aka binne cibiyata.

Abin da aka binne a zahiri mabiyiya ce tare da dogon ɓangaren igiyar, amma sai harshe ya zaɓi sunan igiyar. Dalili kuwa a fili yake. Rabin igiyar yana cikin ƙasa, tabon ɗaya rabin yana jikin mai magana, ke nan shi da garin sun yi tarayya a abu guda. Kalmar "mahaifa" ma ta bi irin wannan hanya, domin tana nufin inda ɗa yake kwanciya a cikin uwa, tana kuma nufin garin da aka haifi mutum. Wannan tunani ba na Hausawa ba ne su kaɗai. Uchendu (1965) ya bayyana yadda Ibo suke binne cibiyar jariri a gindin itace mai 'ya'ya, musamman kwakwar manja, itacen ya zama na yaron.

A nan ya kamata a kwatanta "cibiya" da wata kalmar jiki, wato "tsatso". Idan aka ce wane ya fito daga tsatson wane, jini ake nufi, ko da a ina aka haife shi. Idan aka ce a wuri kaza aka binne cibiyarsa, wurin haihuwa ake nufi, ko da daga ina iyayensa suka zo. Hausa ta tanadi ma'auni biyu na zama ɗan gari, kowanne da gaɓar jikin da ke wakiltarsa.

Bambancin ya wuce batun adon harshe. An kafa unguwar Sabo ta Ibadan a shekarar 1916, kamar yadda Cohen (1969) ya nuna, kuma tun daga lokacin ake haihuwar Hausawa a can ana binne cibiyoyinsu. Haka abin yake ga Yarabawa da Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano ko na Zariya. To amma Tsarin Mulkin 1979, da na 1999 da ya biyo bayansa, sun bayyana ɗan jiha da cewa shi ne wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya fito daga wata al'umma 'yar asalin jihar. Da harshen Bahaushe sai a ce doka ta ɗauki tsatso ta ajiye cibiya. Wanda ya furta misali na (7) a Sabo ko a Sabon Gari gaskiya ya faɗa, sai dai furucin ba ya ba shi takardar shaidar asali.

5.0 Cibiya a Zaure

Akwai fage ɗaya da kalmar ta daɗe tana aiki a matsayin alamar wuri a jiki, shi ne karatun fiƙihu. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, irin su Muhtasar na Halil, sun iyakance al'aurar namiji da abin da ke tsakanin cibiya da gwiwa. Malami yakan karanta "surra" ya fassara "cibiya", ɗalibi ya maimaita. Ta wannan hanya furucin "daga cibiya zuwa gwiwa" ya zama abin da kowane yaron makarantar allo ya sani.

Ko a nan ma iyaka kalmar take nunawa. Ita ce kan iyakar sama ta abin da ya wajaba a suturta, kamar yadda gwiwa take kan iyakar ƙasa. Saboda haka karatun zaure ya ƙarfafa ma'anar tabon jiki, amma bai mayar da kalmar ta zama abokiyar "tsakiya" ba.

6.0 Cibiya da Tsakiya

Hausa ta saba aron sunayen gaɓoɓi domin nuna wuri. Daga kai aka sami "kan dutse", daga ciki "cikin gari", daga baya "bayan gida", daga baki "bakin kogi", daga gindi "gindin bishiya", daga goshi "goshin azumi". Da a ce gurbin cibiya a jiki shi ne abin da aka ara, da ta shiga wannan sahu ta yi gogayya da "tsaka" da "tsakiya". Misalan da ke biye sun nuna ba haka abin yake ba. Alamar tauraro tana nuna furucin da kunnen Bahaushe ba ya karɓa:

(8) tsakar dare / *cibiyar dare
(9) tsakar gida / *cibiyar gida
(10) Jirgi ya kife a tsakiyar kogi / *a cibiyar kogi
(11) Kano cibiyar kasuwanci ce / *tsakiyar kasuwanci ce

Kalmomin biyu ba sa musayar gurbi. "Tsakiya" awo ce ta nisa daga gefe zuwa gefe. "Cibiya" kuwa dangantaka take nunawa tsakanin wuri guda da wuraren da suka dogara da shi.

Tarihi ya ba da misalin da ya fi kowanne fitowa fili. Hausar yau tana kiran Sakkwato "cibiyar Daular Usmaniyya". Garin da Muhammadu Bello ya gina a 1809, wanda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya koma a 1815 ya kuma rasu a cikinsa a 1817, yana can gefen arewa ne na daular, dab da Gobirawa da Kabawa waɗanda suka daɗe suna yaƙi da ita. Tsakaninsa da Yola kusan kilomita 900 ne a miƙe. Ba wanda zai dubi taswira ya kira Sakkwato tsakiyar daula. Ta zama cibiya ne domin daga can ake tabbatar da naɗin sarakunan gabas, can kuma suke aika gaisuwa da haraji. Haka nan, da aka yanke shawarar gina Abuja a 1976, aka kuma mayar da gwamnati can a ranar 12 ga Disamba, 1991, ɗaya daga cikin hujjojin shi ne kasancewarta a tsakiyar ƙasa. Duk da haka Legas, wadda ke bakin teku, ba ta daina amsa sunan cibiyar kasuwanci da masana'antu ba.

7.0 Cibiya a Matsayin Ma'aikata

Kafin zuwan Turawa, kowane wurin da jama'a ke dogaro da shi yana da sunansa. Mulki yana fada, ciniki yana kasuwa, fatake suna zango, tsaron iyaka yana ribaɗi, karatu yana tsangaya da zaure. Mulkin mallaka ya kawo sababbin wurare, aka aro musu "ofis" da "bariki" da "hedikwata" daga Turanci, aka kuma faɗaɗa "hukuma" da "ma'aikata". Ƙungiyoyin da suka yi wa rubutun boko hidima a wancan zamani da sunan hukuma ko kamfani aka san su: Hukumar Fassara (1929), Hukumar Talifi (1933), Kamfanin Gaskiya (1945) da Hukumar Harshen Hausa (1955).

Bayan samun mulkin kai sai jami'o'i da gwamnatoci suka shiga kafa sassa masu ɗauke da sunan Turanci "centre" da "institute", masu fassara a gidajen rediyo da jaridu kuma suka buƙaci kalmar da za su riƙa kiran su da ita kullum. A 1969 aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda a lokacin take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Daga wannan cibiya mujallar Harsunan Nijeriya ta riƙa fitowa, a can aka shirya Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci (1977), daga can kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito a 2006. Daga baya an faɗaɗa sunanta ya haɗa da fassara da hikimomin al'umma, amma kalmar farko ba ta canza ba. Da yake wurin da ake daidaita Hausa shi kansa da wannan suna ake kiransa, sabuwar ma'anar ta sami gindin zama a bakin malamai da ɗalibansu.

Zaɓin ya dace da ruhin harshen, kuma kwatanci da wasu harsuna zai nuna haka. Kalmar Turanci "centre" ta samo asali ne daga "kentron" ta Girkanci, wato tsinin da ake kafawa a zana da'ira, ke nan tushenta lissafi ne. "Markaz" ta Larabci daga saiwar da ke nufin kafa abu a ƙasa take, kamar yadda ake kafa mashi. Hausa tana da "tsakiya" wadda ta yi daidai da ta Turanci, tana kuma da hanyar aron ta Larabci a buɗe, amma sai ta ɗauko kalmar da ta riga ta saba nuna mafari da dogaro. Wanda ya ji "cibiyar bincike" yana fahimtar wuri ne da ilimi ke fitowa yana isa ga wasu, kamar yadda abinci ke bin igiya daga uwa zuwa ɗa. Swahili ma ya yi haka da "kitovu", wadda ke nufin cibiyar jiki, ake kuma cewa gari kaza "kitovu" ne na ciniki.

8.0 Matsalar da Nasarar ta Haifar

Karɓuwar da kalmar ta samu ta sa an ɗora mata kaya fiye da ƙima. A Hausar kafofin watsa labarai, "cibiya" ce sunan ma'aikatar binciken aikin gona ta Samaru, da ta nazarin manufofi da ke Kuru wadda aka kafa a 1979, da ta harsunan Nijeriya da ke Aba wadda aka kafa a 1993. Ita ce kuma sunan ƙaramin asibitin ƙauye, da ɗakin da ake rubuta jarrabawa, da shagon da ake cajin waya, da wurin da girgizar ƙasa ta faro. Swahili bai yi wannan haɗin gambiza ba. Ya ware "taasisi" ga babbar ma'aikatar ilimi, "kituo" ga tasha ko ƙaramin wurin aiki, "makao makuu" ga hedikwata, ya bar "kitovu" a inda ake nufin mafari da matattara.

Illar farko ita ce dushewar ma'ana. Idan ɗakin jarrabawa na kwana ɗaya cibiya ne, to kalmar ba ta ƙara gaya wa mai sauraro komai game da girman wuri ko aikinsa. Illa ta biyu ta shafi fagen da kalmar ta fito. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa shafa maganin kulohezidin a cibiyar jariran da aka haifa a gida a yankunan da mutuwar jarirai ta yi yawa, domin ta wannan kafa ce ƙwayoyin cuta, har da masu kawo sarƙewar haƙora, suke shiga jiki. Jihar Sakkwato ta fara rarraba maganin a wannan shekara. Mai shela da zai ce "a je cibiya a karɓo maganin cibiya" ya faɗi daidai a nahawu, amma ya bar uwar jariri da aikin warware zance a lokacin da ake son saƙo ya isa kai tsaye.

Hausa ba ta rasa kalmomin da za su rage wa "cibiya" nauyi ba. Jami'o'i sun riga sun farfaɗo da "tsangaya" da "sashe" domin rassan koyarwa, kuma sun zauna daram. "Rumfar zaɓe" ta karɓu ba tare da gardama ba. "Matattara" ta dace da wurin tattara sakamako, "zaure" da wurin jarrabawa, "asibiti" ko "ɗakin shan magani" da wurin jinya, "mafari" da inda girgizar ƙasa ta taso. Aikin da aka fara a Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, ya shafi kalmomin nazarin harshe da adabi ne. Sunayen ma'aikatu ma suna buƙatar irin wannan zama, tare da masu fassara na rediyo da jaridu, tun da su ne suke sa kalma a bakin jama'a.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi kalmar "cibiya" ta matakai uku. A jiki, ta haɗa igiya da guntunta da tabonta a suna ɗaya. A ƙasa, ta zama shaidar wurin haihuwa, kishiyar "tsatso" mai nuna jini. A zamanin boko kuma ta zama sunan gari ko ma'aikatar da wasu ke dogaro da ita. Zaren da ya ratsa matakan uku shi ne haɗi da mafari, shi ya sa Sakkwato da Legas suka amsa sunan alhali suna gefe, dare da kogi kuma suka ƙi shi alhali suna da tsakiya. Ma'aunin da tarihin kalmar ya bar wa mai fassara shi ne ya tambayi kansa ko akwai wasu wurare da suke samun abincinsu daga wurin da yake son ya sa wa suna. Idan akwai, cibiya ce. Idan babu, sai ya nemi wata kalma, domin kada cibi ya zama ƙari.